Motocin Haibirid A Suleja: Yadda Fulogi Da Juye Ke Tsare Ribar Mai Mota

SULEJA — Tun kafin gari ya waye sosai motoci kan fara fitowa daga unguwar Magajiya da sauran unguwannin Suleja, su hau babbar hanyar Kaduna zuwa Abuja, su bi ta Madalla a gindin Dutsen Zuma, su ratsa Zuba, sa'an nan su nufi tsakiyar Babban Birnin Tarayya. Tafiya ce ta kimanin kilomita 50, da yamma kuma a sake ninka ta. Tun da garin ya bar wa sabon birnin sunansa na asali, watau Abuja, aka kuma mayar da mazaunin gwamnati can a watan Disamba na 1991, Suleja ta zama makwancin dubban ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda kuɗin hayar gida a cikin birni ya fi ƙarfinsu. Saboda haka arzikin mutanen garin da yawa a ɗaure yake da kuɗin man da mota ke sha tsakanin gida da wurin nema.

Wannan ne ya sa motocin da ake kira haibirid, watau masu haɗa injin fetur da injin lantarki, suka samu shiga a wurin masu motocin haya da 'yan kasuwa. Sai dai sauƙin man da ake sayen motar dominsa ba ya tabbata da kansa. Ya dogara ne a kan yadda ake kula da injin, tun daga fulogi, wanda shi ne mafi ƙanƙanta a cikin kayan da za a yi magana a kansu, har zuwa baƙin mai da ruwan lagireto.

Abin da ya canja lissafi

A ranar 29 ga watan Mayu na 2023 ne Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya ba da sanarwar janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Kafin wannan rana ana sayar da lita a ƙasa da Naira 200 a gidajen man NNPC. Cikin kwana biyu farashin ya koma Naira 537 a Abuja, a watan Yuli na shekarar ya kai Naira 617, a watan Oktoba na 2024 kuwa ya kai Naira 1,030. Bayan da matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a watan Satumba na 2024 farashin ya yi ta hawa da sauka, amma bai koma kusa da inda yake a da ba.

Haka nan kuma, a watan Yuni na 2023 Babban Bankin Nijeriya ya haɗe kasuwannin musayar kuɗi, dalar Amurka da ake samu a kan kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Wannan mataki na biyu ya shafi mai haibirid ta wata fuskar, domin kusan duk wani kayan gyaran motarsa daga waje ake shigo da shi. Ke nan ya samu rangwame a gidan mai, amma kuskure ɗaya a gareji zai iya cinye ribar wata da watanni.

Yadda motar ke aiki

Kamfanin Toyota ne ya fara fitar da irin wannan mota da yawa, lokacin da ya sa Prius a kasuwar Japan a watan Disamba na 1997. Honda ya biyo baya da Insight a 1999. Daga bisani aka sa fasahar a cikin Highlander da Lexus RX 400h a 2005, da Camry a 2006. Ya zuwa watan Janairu na 2017 Toyota ya sayar da haibirid fiye da miliyan 10 a duniya. Akasarin waɗanda ke zuwa Nijeriya na hannu ne, waɗanda aka mora a Amurka ko Kanada ko Turai.

Irin waɗannan motoci ba a jona su da wutar gida. Suna da injin fetur, da injinan lantarki, da babban batir wanda injin fetur ɗin ke yi wa caji, kuma duk lokacin da direba ya taka birki ƙarfin tsayawar kan koma wuta ya shiga batir. Idan mota ta tsaya, ko tana jan ciki a cunkoso, kwamfutar motar kan kashe injin fetur ta bar na lantarki da aikin. Idan ana bukatar ƙarfi, ko cajin batir ya yi ƙasa, sai ta sake tayar da shi ba tare da direba ya taɓa komai ba. Shi ya sa haibirid ta fi nuna ƙwazonta a irin cunkoson da akan samu a Madalla da Zuba, inda motar fetur zalla ke ƙona mai a tsaye.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta auna Prius ƙirar 2010 a kan mil 50 ga galan ɗaya, watau kimanin kilomita 21 ga kowace lita. Wannan awo ne na sabuwar mota mai cikakkiyar lafiya. Tsohuwar mota a kan hanyoyin nan ba lalle ta kai haka ba, kuma gwargwadon sakacin da aka yi da injinta, gwargwadon nisan da za ta yi da wannan adadi.

Kurakurai biyu game da fulogi

Aikin fulogi shi ne ƙyasta wutar da ke kunna cakuɗen fetur da iska a cikin silinda. Injin haibirid mai silinda huɗu yana da fulogi huɗu, kowane da kwayil ɗinsa a kai, kamar sauran injinan zamani.

Kuskure na farko shi ne na mai motar da ke zaton tun da akwai lantarki a jikinta, ta wuce batun fulogi da juye. Alhali kuwa duk wutar da ke cikin babban batir asalinta daga fetur take. A kan doguwar hanya injin fetur ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin, kuma a cikin gari ana kashe shi a tayar sau da yawa ƙwarai a tafiya guda. Kowane tayarwa na bukatar wuta mai ƙarfi nan take.

Kuskure na biyu gado ne daga zamanin Peugeot 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975. A wancan lokaci an saba a kwance fulogi a kowane sabis, a wanke shi da fetur, a goge bakinsa da burushin waya ko sanfefa, a ɗan buga shi a daidaita tazarar bakin. Wannan ya dace da fulogin da, mai kaurin baki, wanda ba ya wuce kilomita dubu 30 zuwa 50. Fulogin haibirid kuwa bakinsa na iridiyam ne, ƙarfen da ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,400, kuma siririn tsininsa bai kai kaurin milimita ɗaya ba. Gogewa ko bugu na iya karya tsinin ko ya kankare shi, a mayar da fulogi mai tsada tarkace. An daidaita tazarar bakinsa tun daga masana'anta, kimanin milimita 1.0 zuwa 1.1 a injin Prius, ba ya bukatar gyaran hannu.

Yaushe ya kamata a canja

Jadawalin da Toyota ya bayar a Amurka ya sa canjin fulogin Prius a mil dubu 120, watau kimanin kilomita dubu 190. A nan akwai abubuwa uku da mai saye a Nijeriya zai lura da su.

Na farko, agogon motar da ta fito daga Amurka da mil yake ƙidaya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Wanda ya ga 110,000 a fuskar agogo ya ɗauka kilomita ne, ya yi kuskuren kilomita dubu 66, motar tasa ta riga ta ci kilomita dubu 176, tana dab da lokacin canji. Na biyu, mayar da agogo baya sananniyar dabara ce a kasuwar motocin hannu, don haka adadin da aka gani ba hujja ba ne. Na uku, agogo ba ya ƙirga lokacin da inji ya tashi mota na tsaye, alal misali domin ya ciyar da na'urar sanyaya ɗaki a lokacin zafin bazara.

Bisa ga haka, abin da ya fi dacewa ga wanda ya sayi haibirid ta hannu babu takardun sabis shi ne ya canja fulogin duka a makon farko, ya rubuta ranar da adadin agogo, daga nan ya fara nasa lissafin. Ma'aikacin da ke zuwa Abuja ya dawo sau ɗaya a rana, kwana 26 a wata, zai ci kimanin kilomita dubu 31 a shekara, fulogi mai kyau zai iya kai shi shekara biyar ko shida. Direban haya mai sawu uku a rana kuwa zai ci kimanin kilomita dubu 93 a shekara, nasa wa'adin shekara biyu ne. Ganin ƙura da zafi da bambancin ingancin mai, babu asara idan aka duba su tun kafin cikar wa'adin.

Alamun gajiya da abin da kan biyo baya

Gajiyar fulogi a haibirid kan ɓuya, domin injin lantarki na rufa wa na fetur asiri. Motar za ta ci gaba da ja, direba bai ji komai ba, sai dai ya ga mai na ƙarewa da wuri. Sauran alamun sun haɗa da girgiza ko ƙwanƙwasa a daidai lokacin da injin fetur ya tashi, musamman da safe, da sarƙewa idan aka taka totur, da kunnuwar fitilar inji a gaban direba. Idan aka sa kwamfuta, lamba P0300 na nuna wuta na tsallake, P0301 zuwa P0304 kuma na nuna silindar da abin ya shafa. Idan fitilar na ƙiftawa, abin ya tsananta, bai kamata a ci gaba da tafiya ba.

Ɓarnar takan bi mataki-mataki. Idan bakin fulogi ya cinye, tazararsa ta buɗe, kwayil sai ya ƙara ƙoƙari kafin wuta ta tsallaka, har ya ƙone. Fetur ɗin da bai kama ba kuma ya bi salansa ya faɗa tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi saboda kamannin cikinta, ya ci wuta a can ya narkar da ita. Wannan tukunya na ɗauke da ƙarafa masu daraja irin su filatinam, shi ya sa take da tsada, shi ya sa kuma ake sace ta. Daɗin daɗawa, girgizar inji na dukan abin da ya haɗa shi da giya, babban batir kuma na ɗaukar nauyin da ba nasa ba. Da haka gyaran da zai tsaya a kan fulogi huɗu yake komawa na kwayil da tukunya, wani lokaci har da abin da ya fi su.

Matsalar jabu

Kamfanoni biyu na Japan, Denso da NGK, su ne manyan masu yi wa waɗannan motoci fulogi. Injin Prius mai lita 1.5 na ƙirar 2004 zuwa 2009 na amfani da Denso SK16R11, mai lita 1.8 na ƙirar 2010 zuwa 2015 kuma SC16HR11, wanda ya gaji SC20HR11. Kowane inji da lambarsa, domin fulogi sun bambanta a tsawon zare da yadda suke fitar da zafi. Wanda ya yi tsawo na iya taɓa fistin, wanda bai dace da zafin injin ba kuma ko dai ya tara baƙi ko ya ƙone.

Da yake fulogin iridiyam na da tsada, shi ne aka fi kwaikwayo. Kamfanonin biyu sun sha yi wa masu saye gargaɗi a kan jabu. Na jabun kan zo da kwali mai kama da na ainihi, amma bakinsa ba iridiyam ba ne, ƙarfe ne gama-gari da aka fiƙe. Yakan yi aiki da farko, bayan 'yan dubban kilomita ya cinye, wani lokaci farin tangaran ɗinsa ya tsage ya faɗa cikin silinda. Kayan gyaran da ke isowa Suleja kan biyo ta manyan kasuwanni irin su Ladipo a Legas da Nkwo a Nnewi, su sauka Zuba da unguwar kanikawa ta Apo a Abuja, kamar yadda suke isa Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. A irin wannan doguwar hanya mai kyau da marar kyau kan cakuɗe, ƙaramin dillali ma na iya sayar da jabu bai sani ba. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ita ke da alhakin sa ido, amma matakin farko na hannun mai saye.

Farashi shi ne babbar shaida. Idan aka tallata wa mutum fulogin iridiyam huɗu a kan kuɗin da bai kai na guda ɗaya a wurin wakilin kamfani ba, ya tuna araha ba ta ado. Ya kamata ya duba tsaftar rubutun da ke jikin tangaran, da santsin zare, da siririn tsinin, ya kwatanta da tsohon da aka ciro idan na asali ne. Ya kuma karɓi rasit mai ɗauke da lambar kayan, ya nemi a ba shi tsofaffin fulogin a hannu bayan an gama aiki.

Yadda ake aikin

Canjin fulogi ba ya bukatar a taɓa babban batir, amma akwai ƙa'idodin da bakanike zai kiyaye. Shirun haibirid ba ya nufin a kashe take. Muddin kalmar READY na haske a gaban direba, injin na iya tashi da kansa a kowane lokaci, ko hannun mutum na ciki, ko an riga an tsiyaye baƙin mai. Don haka sai an kashe motar ɗungurungum, an kuma nisantar da makulli daga gare ta. Wayoyi masu ruwan lemo kuwa su ne na babbar wuta. Batirin Prius na waɗannan shekaru na da ƙarfin bolt 201, na Camry ta farko kimanin 245, kowannensu ya isa ya yi kisa. Wanda bai samu horo ba kada ya kusance su.

Kan injin na alminiyam ne, mai taushi, saboda haka sai ya huce ake kwance fulogi. A hure ƙurar da ke cikin ramin kafin a ciro shi, don kada ta zuba cikin silinda. A fara ɗaura sabon da hannu har ya zauna, sa'an nan a ƙarasa da sufana mai awo, a kan ƙarfin da littafin motar ya faɗa. Ɗauri da ƙarfin damtse na iya cinye zaren kan inji, gyaransa kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Ana canja huɗun ne gaba ɗaya. Idan aka tarar da baƙin mai a cikin ramin fulogi, robar murfin inji ce ta saki, sai an canja ta, in ba haka ba man zai lalata kwayil. A Prius ƙirar 2010 zuwa 2015 sai an cire waifa da farantin da ke ƙarƙashinta kafin a kai ga fulogi, don haka idan bakanike ya nemi ƙarin kuɗin aiki a kan wannan ƙira, yana da hujja.

Juye, iska da ruwa

Baƙin mai shi ne na biyu a yawan kuskure. An saba da mai kauri mai lamba 20W-50, bisa tunanin cewa ƙasar zafi sai mai kauri. Injin Prius mai lita 1.5 kuwa 5W-30 aka tsara masa, mai lita 1.8 kuma 0W-20. Injin da ake kashewa a tayar a kai a kai na bukatar man da zai zagaye shi cikin gaggawa, mai kauri kuwa na jinkiri, yana kuma ƙara shan fetur. Toyota ya rage wa'adin juye zuwa mil dubu 5, kimanin kilomita dubu 8, ga motocin da ke bin hanyoyi masu ƙura. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace da wannan yanki. Ga direban haya mai sawu uku, hakan na nufin juye kusan kowane wata.

Matacin iska na bukatar dubawa akai-akai, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin hunturu. Akwai kuma hanyar da ke mayar da wani kaso na hayaƙi cikin inji don rage zafinsa, wadda ake kira EGR. A Prius mai lita 1.8 an san ta da toshewa da baƙin hayaƙi idan mota ta tsufa, kuma masu gyara na danganta toshewar da ƙonewar gasket ɗin kan inji. Alamarta na kama da ta gajiyar fulogi, watau ƙwanƙwasa da safe. Idan an canja fulogi ƙarar ba ta daina ba, ko ruwan lagireto na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, nan ne wurin dubawa.

Ruwan sanyaya kashi biyu ne a haibirid, ɗaya na inji, ɗaya na inbata, watau na'urar da ke sarrafa wuta tsakanin batir da injinan lantarki. Kowanne da tankinsa da famfonsa. Ruwan rijiya ko na leda na kawo tsatsa da ƙanzo, don haka ruwan hoda na musamman ake zubawa. A 2012 Toyota ya yi kiranyen Prius ƙirar 2004 zuwa 2009 domin canja famfon ruwan inbata, abin da ke nuna muhimmancinsa. Mai irin wannan ƙira ya tabbatar famfonsa na aiki, domin inbata na cikin kayan da suka fi tsada a motar. Al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye ita ma illa ce. Kwamfutar motar ba ta yawan kashe injin fetur sai ya yi ɗumi, idan aka hana shi ɗumi zai yi ta aiki, sauƙin man ya tafi.

Babban batir da iskar cikin mota ake sanyaya shi, ta wata kafa da ke gefen kujerar baya. Ƙura da gashi da zare kan toshe fankarsa, fasinja ko kaya kuma kan rufe kafar. Zafi shi ne babban makashin batir. Motar haya mai ɗaukar mutum huɗu a baya ta fi kowa shiga wannan haɗari, alhali wanke fankar aiki ne na ɗan lokaci. Haka nan injin na'urar sanyaya ɗaki na lantarki ne, yana da nasa mai na musamman wanda ba ya ɗaukar wuta, zuba masa na sauran motoci na iya jawo yoyon wuta. Motar ba ta tashi da turi, ba a kuma jan ta da igiya tayoyin gaba na ƙasa. Barin fetur ya ƙare a ci gaba da tafiya da batir shi ma na iya zuƙe shi har motar ta ƙi tashi.

Ingancin fetur na da nasa tasiri. A farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol daga Antwerp ta ƙasar Beljiyam, wanda ya lalata motoci ya kuma jawo dogayen layuka. Man da ake saye a galan a bakin hanya wurin 'yan bumburutu ba a san abin da aka gauraya masa ba, shi ne kuma ke saurin ɓata fulogi da nozul.

Lissafin riba da asara

Domin misali kawai, a ɗauka lita Naira 1,000 ce, haibirid na shan lita 5 a kilomita 100, takwararta ta fetur zalla kuma lita 8. Direba mai cin kilomita 300 a rana zai tsira da lita 9, watau Naira 9,000 kullum, Naira 234,000 a wata mai kwana 26 na aiki, kimanin Naira miliyan 2.8 a shekara. Daga cikin wannan rarar ne zai biya bambancin kuɗin sayen motar, ya kuma yi tanadin ranar da babban batir zai nemi canji, domin ranar na zuwa.

Idan kuwa sakaci ya ƙara wa motar shan mai da kashi ɗaya cikin goma kacal, lita ɗaya da rabi ke nan a rana, Naira 39,000 a wata, Naira 468,000 a shekara. Wannan asara ce da ba ta zuwa da rasit, shi ya sa mai mota ba ya ganin ta. Ba a kuma sa kuɗin kwayil ko tukunyar hayaƙi a ciki ba, balle kwanakin da mota za ta yi a gareji ba ta kawo ko kwabo ba. Mai motoci da yawa zai iya gano ta cikin sauƙi idan ya sa kowane direba rubuta litar da ya sha da adadin agogo kullum. Duk motar da lissafinta ya fara karkacewa, a kai ta a duba tun fitila ba ta kunnu ba. Irin wannan littafi na ƙara wa mota daraja ranar sayarwa.

Ƙofar da ta buɗe wa 'yan kasuwa

Yawaitar waɗannan motoci ta samar da bukatar da garejin gargajiya bai shirya mata ba. Gyaran haibirid na bukatar kwamfutar bincike, da sufana mai awo, da safar hannu mai kare wuta, da bakanike mai iya karanta lambobi. Jarin waɗannan kaya bai kai na sayen mota guda ba. Mai motar da ke zaune a Magajiya ko Maje ko Madalla zai fi son ya samu wannan aiki a kusa, maimakon ya ɓata yini guda a hanyar Apo. Hukumar bunƙasa ƙere-ƙeren motoci ta ƙasa, NADDC, na gudanar da shirye-shiryen horar da kanikawa a kan motocin zamani, ƙungiyar kanikawa ta NATA kuma hanya ce da za a iya bi a nemi irin wannan horo a ƙungiyance.

Ga masu sayar da kayan gyara, kasuwar ta mai amana ce. Fulogin da ke shekara biyu zuwa shida ba kayan ciniki kullum ba ne, amma baƙin mai, da matatai, da ruwan sanyaya na tafiya kowane wata, kuma mai motar da ya samu fulogi na ainihi a shago, can zai koma neman sauran. Dillalin da ya ƙulla hulɗa kai tsaye da wakilan kamfanoni, yake kuma ba da rasit mai lamba, shi zai riƙe masu motocin haya.

A ƙarshe, wanda ke shirin sayen haibirid ya sa kuɗin sabis na farko a cikin kuɗin motar tun daga wurin ciniki: fulogi huɗu na ainihi, juye da man da ya dace, matacin iska, ruwan sanyaya kashi biyu, wankin fankar batir, da gwajin kwamfuta kafin a biya kuɗi. Lambar P0A80 idan ta fito a wannan gwaji na nufin babban batir ya gaji, sai a sake zaman ciniki. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.